WAYAR HANNU DA KWAMFUTA: KADARAR DA KE BUKATAR KIWO

Daga Wakilinmu

KAFIN shekarar 2001, lokacin da kamfanin NITEL kusan shi kaɗai ke riƙe da harkar tarho a ƙasar nan, layukan da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu kuwa a ofisoshin gwamnati da gidajen manyan attajirai suke. Ƙaramin ma'aikacin da ke son magana da ɗan'uwansa a Legas sai ya tafi ofishin tarho ya jira a zo kansa, ko kuma ya rubuta wasiƙa ya zauna zaman jiran amsa. A cikin watan Janairu na wannan shekara ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta kuma kamfanonin Econet da MTN suka soma aiki. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150, har ya zama abin mamaki a sami ma'aikaci ko ɗalibin babbar makaranta wanda ba shi da waya a aljihu.

Abin da ya fi yawan layukan muhimmanci shi ne nauyin da aka ɗora wa wayar. Tun daga 2014 aka fito da lambar BVN wadda ta haɗa duk asusun bankin mutum wuri guda. A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta umarci kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN. Tun daga 2015 a kan kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB ta shiga jami'a. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha fama da shi a farkon 2023 kuma ya tilasta wa har mai sayar da kayan miya karɓar kuɗi ta waya. Saboda haka albashin ma'aikaci, da takardar shaidarsa, da rajistar ɗalibi, da sakamakon jarrabawarsa, duk sun taru a cikin abin da bai fi tafin hannu ba. Ga shi kuma mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne, alhali kuwa wayar zamani mai matsakaiciyar daraja ta fi ƙarfin wannan kuɗi, balle a yi maganar kwamfuta. Wanda ya mallaki irin wannan kadara, ashe, wajibi ne ya san yadda zai yi kiwonta.

WUTAR LANTARKI

Babbar abokiyar gabar kayan nan ita ce wutar da ake ba su. Bisa ƙa'ida wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, amma duk wanda ke zaune a Kano ko Kaduna ko Gusau ya san cewa wani lokaci takan zo da rauni har fanka ta kasa juyawa, wani lokaci kuma ta zo da ƙarfin da ke fasa ƙwan fitila. Ko da yake an sauya sunan NEPA tun 2005, aka kuma miƙa rarraba wutar ga kamfanoni masu zaman kansu a watan Nuwamba na 2013, wannan hali bai gushe ba. Lokacin da ya fi haɗari shi ne daidai sa'ar da aka maido da wuta bayan an ɗauke, domin sau da yawa takan shigo da wani irin bugu na ɗan taƙaitaccen lokaci wanda ya isa ya ƙona caja ko allon cikin kwamfuta. Don haka da zarar an ɗauke wuta, abin da ya dace shi ne a zare filogi daga bango, in an dawo da ita kuma a dakata 'yan mintoci har ta daidaita kafin a mayar.

Haka nan ƙa'idar take game da janareta, musamman ƙananan nan da ake gauraya musu fetur da baƙin mai. A fara tayar da injin, a bar shi ya zauna, sa'an nan a jona kaya. In za a kashe kuma a fara zare kayan. Injin da mai ya kusa ƙarewa, yana tari yana shessheƙa, wutar da yake bayarwa hawa da sauka take yi, ita ce kuwa ke kashe caja.

Akwai na'urori uku da mutane ke yawan rikita su. Sitabilaiza aikinta shi ne ta ɗaga wuta in ta yi rauni, ta rage ta in ta yi yawa, amma ba ta ajiye wuta. Na'urar UPS tana da batir a cikinta, tana riƙe kwamfutar tebur na 'yan mintoci bayan an ɗauke wuta, gwargwadon yadda mutum zai adana aikinsa ya kashe ta cikin natsuwa. Ta uku ita ce soket mai kariya daga bugun wuta, wadda ba ta aiki sosai sai wayoyin gidan suna da wayar da aka binne a ƙasa. Gidajen haya da yawa ba a yi musu wannan waya ba, alamar haka kuwa ita ce mutum ya ji ɗan tsikari a hannu in ya taɓa ƙarfen jikin kwamfuta tana caji. Wanda ya ji haka ya nemi ƙwararren mai gyaran wuta. Da damina kuma, in hadari ya haɗo ana tsawa, babu na'urar da ta fi zare filogi amfani.

Game da caja, masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Cajar jabu ba ta da kayan da ke tace wuta da hana ta wuce kima, shi ya sa takan yi zafi, ta sa allon waya ya riƙa tsalle in ana taɓa shi, a ƙarshe ta lalata batir. Haka kuma ɗabi'ar cusa tsirarar waya a soket a tokare ta da tsinken ashana hanya ce ta gobara.

BATIR, ZAFI DA ƘURA

Batirin wayoyi da kwamfutocin yanzu na sinadarin litiyam ne, halinsa kuwa ya sha bamban da na batiran da. Tsohuwar shawarar nan da ake bayarwa cewa sai an bar waya ta mutu ɗungurungum kafin a sa ta a caji ta dace da batiran da aka daina amfani da su ne. Ga na litiyam cutarwa ce. Ya fi daɗewa idan ana riƙe shi tsakanin kashi 20 da kashi 80 cikin ɗari, wayoyi da yawa ma yanzu suna da wurin da za a umarce su su tsaya a kashi 80. Amma a inda wuta ba ta da tabbas, ba laifi mutum ya cika wayarsa in ya sami dama. Abin gudu shi ne barinta ta ƙare sarai kullum, da kuma barinta cikin zafi.

Zafi shi ne ke tsufar da batir da wuri. Kamfanin Apple, alal misali, ya ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar zafin wurin da ya kamata a yi amfani da wayarsa, alhali a watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40. Wayar da aka bari a gaban gilashin mota da tsakar rana, ko aka tura ƙarƙashin matashi tana caji, ko ake kallon bidiyo da ita tana jone da wuta, zafi biyu ne suka haɗu a kanta. Idan aka ga bayan waya ya kumbura, ko allonta ya fara ɗagowa daga gefe, to batirin ya lalace, kuma yana iya kamawa da wuta. Kada a matsa shi, kada a huda shi, kada kuma a jefa shi bola, tun da yake a unguwanni da yawa ƙona bola ake yi. A kai wa mai gyara ya sauya shi.

Mai sayen fawa banki kuma ya lura cewa lambar da aka rubuta a jikinsa ba ita ce ke isa cikin waya duka ba. Wani kaso yana salwanta wajen juya ƙarfin wutar. Wanda aka rubuta masa 10,000 ba zai cika wayar da batirinta ke da 5,000 sau biyu ba, ko da na gaske ne. Wanda kuma aka ga ba shi da nauyi amma an rubuta masa lamba mai tsoratarwa, to akwai lauje cikin naɗi.

Da hunturu ƙura ke cika ramin caji, har mutum ya yi zaton wayar ta lalace. Sau da yawa magani bai wuce a kashe wayar a sa tsinken sakace na itace a tsane ramin a hankali ba. Allura ko wani ƙarfe kuwa yana iya haɗa wayoyin ciki. Kwamfutar hannu tana shaƙar iska ta ƙasa ko ta gefe, don haka ɗora ta a kan katifa ko kafet daidai yake da toshe mata hanci. A ɗora ta a kan tebur ko faffaɗan katako, bayan hunturu ya wuce kuma a kai ta a buɗe a share mata fanka. Wayar da ta faɗa ruwa a kashe ta nan take, kada a sa ta caji, a ajiye ta inda iska ke kaɗawa. Binne ta cikin shinkafa ba ya busar da ita fiye da iska, ƙurar shinkafar ma tana iya shiga ramukanta.

INDA DATA KE TAFIYA

A watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta yarda kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, tun daga lokacin kuma kukan cewa data na ƙarewa da wuri ya ƙara yawa. Kafin a ɗora laifi a kan kamfani, yana da kyau a san cewa kowace waya tana da wani shafi a cikin saitinta da ke nuna yawan datar da kowace manhaja ta ci. Wanda ya buɗe wannan shafi yawanci zai tarar bidiyo ne ya kwashe kaso mafi tsoka. Rubutaccen saƙo kusan ba ya cin komai, saƙon murya kaɗan yake ci, amma sa'a guda ta bidiyo mai matsakaicin haske tana iya lashe kusan rabin gigabait, mai tsananin haske kuwa ya ninka haka sau da dama.

Matakai huɗu suna rage wannan asara ƙwarai. Na farko, a hana WhatsApp sauko da hotuna da bidiyo da kansa, domin ma'aikacin da ke cikin zaure goma, na ofis da na 'yan aji da na dangi, yana biyan kuɗin bidiyon da bai taɓa buɗewa ba. Na biyu, a hana Facebook da TikTok da makamantansu kunna bidiyo ba tare da an taɓa ba, a kuma rage hasken hoton YouTube. Na uku, a umarci waya kada ta sabunta manhajoji sai an ba ta izini. Na huɗu ya shafi ɗalibin da ke ba kwamfutarsa intanet daga waya: kwamfuta mai Windows tana ɗauka cewa intanet ɗin ba shi da iyaka, sai ta shiga sauko da manyan kayan sabuntawa. A cikin saitinta akwai wurin da ake nuna mata cewa wannan layi aunawa ake yi, daga nan sai ta tsagaita.

Tun 2023 hukumar NCC ta daidaita gajerun lambobi a kan dukkan layuka. Ana duba ragowar kuɗi da *310#, a sayi data da *312#, a duba ragowarta da *323#. Wanda saƙonnin talla suka dame shi ya aika kalmar STOP zuwa 2442. Wanda kuma ya kai ƙara wurin kamfaninsa bai sami biyan bukata ba, yana iya kiran 622, layin hukumar na karɓar koke, ba a cajin ko kwabo.

INTANET A CIKIN GIDA

Gidaje da ɗakunan ɗalibai da yawa yanzu suna da rauta, wato 'yar na'urar da ake sa wa sim ta watsa intanet ga kowa a gida ta hanyar waifai. Galibi ƙorafin da ake yi na rashin sauri yana da alaƙa da inda aka ajiye ta. Na'urar tana bukatar abu biyu: ta jiyo turken kamfani daga waje, ta kuma isar da saƙo cikin ɗakuna. Saboda haka wurinta shi ne sama, kusa da taga, ba ƙasan gado ko bayan talabijin ko cikin kabad ba. Katangar siminti mai kauri, da ƙofar ƙarfe, da tankin ruwa, da kwanon rufi, duk suna tare saƙon. A gida mai sassa da tsakar gida, ya fi kyau a ajiye ta a ɗakin da ke tsakiya. Yana da amfani kuma a gwada layuka daban-daban kafin a sayi datar wata guda, domin layin da ke da ƙarfi a wata unguwa yana iya zama mara ƙarfi a wata.

Yawancin rautoci suna watsa saƙo ta hanya biyu, ɗaya mai lamba 2.4, ɗaya mai lamba 5. Ta farko tana zuwa nesa tana kuma ratsa bango, amma ba ta kai ta biyu sauri ba. Ta biyu tana da sauri amma ba ta nisa. Wanda ke zaune kusa da na'urar ya zaɓi 5, wanda ke can ƙuryar gida ya zaɓi 2.4. Tun da yake rauta ba ta cin wuta fiye da ƙaramin ƙwan fitila, ana samun ƙananan batira da ake jona mata su riƙe ta sa'o'i bayan an ɗauke wuta.

Kalmar sirri biyu ce a kowace rauta, mutane da yawa kuwa ɗaya suka sani. Akwai wadda ake ba baƙo ya shiga intanet, akwai kuma wadda ake shiga saitin na'urar da ita. Wannan ta biyu daga masana'anta take zuwa, sau da yawa iri ɗaya ce a dubban na'urori, an kuma rubuta ta a jikin akwatin. Wanda bai sauya ta ba ya bar mabuɗi a jikin ƙofa. A sauya duka biyun, a sa masu tsawo waɗanda ba lambar wayar maigida ko sunan ɗansa ba, a zaɓi tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3, a kashe maɓallin WPS. A cikin saitin akwai jerin duk wayoyin da ke jone. Wanda ya ga baƙuwa a ciki ya san inda datarsa ke zurarewa.

AIKIN SHEKARA A WURI GUDA

Babu asarar da ta fi ƙona ran ɗalibin ajin ƙarshe kamar ya wayi gari kwamfutarsa ta ƙi tashi alhali kundin bincikensa na ciki, babu kuma kwafi a ko'ina. Haka ma akawun da ya shafe watanni yana haɗa lissafin sashensa. Ma'ajiyar kwamfuta tana mutuwa ba tare da sallama ba, filashi yana ɓata, ɓarawo kuma ba ya tambayar abin da ke ciki. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce kowane aiki mai muhimmanci ya kasance yana da kwafi uku, a wurare iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ba a cikin gidan ba. Wannan bai da tsada. Kowane asusun Google yana da gigabait 15 kyauta, na Microsoft da na Apple kuma biyar-biyar, rubutaccen kundi kuwa bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba. Ɗalibin da ya saba aika wa kansa aikinsa ta imel kowane dare ya tsira daga wannan bala'i. Lambobin mutane ma a ajiye su a asusun, ba a jikin waya ko sim kaɗai ba.

Shagunan buga takardu da ke bakin makarantu da sakatariya su ne mahaɗar ƙwayoyin cutar kwamfuta, domin filashi ɗari kan shiga inji guda a yini. Akwai wata sananniyar cuta da ke ɓoye takardun da ke cikin filashi ta bar inuwarsu kawai, wanda ya danna inuwar kuma ya shigar da cutar cikin tasa kwamfutar. Ya fi aminci a mayar da takarda zuwa tsarin PDF a aika wa mai shago ta imel ko WhatsApp. Wanda kuma ya buɗe imel ɗinsa a kwamfutar shago kada ya tashi sai ya fita daga asusun.

Akwai wani batu da ya shafi masu sayen kwamfutar kwance. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, amma ramukan da ɓarayin intanet ke ganowa ba za a ci gaba da toshe su kamar da ba. Tsofaffin injuna da yawa da ke cika kasuwa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Don haka mai saye ya tambaya, a kuma nuna masa a kan allo, kafin ya biya. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa yana iya sa mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, ana kuma sabunta su. Satattun manhajoji da ake loda wa mutane a kasuwa kuwa sau da yawa da cuta suke zuwa. Ga masu rubutu da Hausa, allon rubutu na Gboard yana da harufan ɓ da ɗ da ƙ, sai dai a ƙara harshen a cikin saiti.

ƁARAWO DA ƊAN DAMFARA

Ƙwacen waya ya zama abin damuwa a manyan birane, amma abin da ya kamata a gane shi ne sau da yawa sim ɗin ya fi wayar daraja a wurin ɓarawo. Ko da an kulle allo, yana iya zare sim ya sa a wata waya, ya nemo lambar BVN, ya gwada shiga asusun banki ta gajerun lambobin nan masu farawa da tauraro. Maganin wannan shi ne a sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, wadda za a nema duk lokacin da aka kunna waya ko aka sauya masa gida. A kula, in aka yi kuskure sau uku zai kulle sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo shi, don haka a adana wannan kati. Kada kuma a rubuta lambar sirrin banki a cikin waya, ko a ajiye hoton katin cirar kuɗi.

Wanda aka sace wa waya, bankinsa zai fara sanarwa, sa'an nan kamfanin layi, sa'an nan 'yan sanda. Bankuna suna da gajerun lambobi da ake rufe asusu da su daga kowace waya. Kowa ya tambayi bankinsa tun yanzu ya rubuta a takarda. Danna *#06# yana fito da lambar IMEI mai alƙaluma 15 wadda ta keɓanta ga kowace waya, ita ma a rubuta a ajiye. Mai sayen waya ta hannu ya nemi rasiɗi mai ɗauke da wannan lamba da sunan shago, domin karɓar kayan sata laifi ne a doka, an kuma sha bin sawun waya a kama wanda ya saye ta. Layin da aka haɗa da banki kada a yi watsi da shi, saboda kamfani yana sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, saƙonnin banki kuma su riƙa zuwa ga baƙo.

Ɗan damfara shi ba ya ƙwace. Roƙo yake yi a miƙa masa. Zai bugo ya ce daga banki yake, ya ambaci cikakken sunan mutum, ya ce za a rufe asusu in ba a karanto masa lambar da aka aiko yanzu ba. Babu bankin da ke neman lambar sirri ko lambar da ake aikowa don tabbatar da cirar kuɗi. Wani kuma zai ce shi ɗan zauren ofis ne ko na tsofaffin ɗalibai, za a yi taro ta intanet, a karanto masa lambobi shida da suka shigo. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin WhatsApp, da zarar ya samu sai ya ƙwace asusun ya shiga roƙon kuɗi da sunan mai shi. WhatsApp yana da wurin sa lambar tsaro ta biyu, wanda ya kunna ta ya ƙara wa ƙofarsa sakata.

Ɗalibai da masu neman aiki su ne aka fi yi wa tarkon tallafi da gurbin karatu da ɗaukar ma'aikata na ƙarya. Adireshin shafukan gwamnati galibi yana ƙarewa da gov.ng, na manyan makarantu kuma yawanci da edu.ng. Saƙon da ya ce sai an tura shi ga mutum goma kafin a sami kuɗi, ko sai an biya kafin a ba da takardar ɗaukar aiki, tarko ne. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Haka kuma wasu manhajojin ba da bashi suna neman izinin ganin lambobin da ke cikin waya, in biya ya yi jinkiri sai su aika wa shugaban mutum da surukansa saƙon cin mutunci. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta soma yi wa irin waɗannan kamfanoni rajista tun 2022, wanda larura ta kama shi ya fara duba jerin waɗanda ta amince da su.

SIRRIN OFIS

Akwai wani nauyi da ya rataya a wuyan ma'aikacin gwamnati musamman. A da fitar da takarda daga fayil sai an yi dabara. Yau daƙiƙa guda ta isa a ɗauki hotonta a watsa. Amma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan, ƙa'idojin aikin gwamnati kuma sun ɗauki fallasa bayanin ofis ba da izini ba a matsayin babban laifi. Daɗin daɗawa, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Jerin albashi, ko sakamakon ɗalibai, ko takardar asibiti da aka ajiye a wayar da ba ta da kulle, ko aka miƙa wa mai gyara ba tare da an kwashe ba, amana ce da aka yi sakaci da ita. Wanda zai sayar da wayarsa ko kwamfutarsa ya fita daga asusunsa duka, ya mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta.

Galibin waɗannan matakai ba sa cin ko sisi. Sa wa sim lambar sirri, da kunna tsaron WhatsApp, da sauya kalmar sirrin rauta, da rubuta lambar IMEI, da aika kwafin aiki zuwa imel, duka ba za su ɗauki fiye da sa'a guda ba. Ya kamata shugabannin ma'aikatu da hukumomin makarantu su riƙa ware ɗan lokaci suna nuna wa ma'aikata da sababbin ɗalibai waɗannan abubuwa, kamar yadda ake nuna musu sauran ƙa'idojin aiki da na karatu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, toshe tsagar kuwa ya fi sauƙi tun albashin wata ko aikin shekara bai salwanta ba.